Tsiro, Yis da Kwalba: Abin da Ke Cikin Giya da Abin da Ake Zato

A wajen walimar aure ko ta suna, idan aka zo rabon abin sha, da wuya a rasa dattijo guda da zai ture kwalbar Maltina gefe. Hujjarsa a fili take: baƙa ce, tana kumfa, kuma kamfanin da ke yin giya shi ya yi ta. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko gorar kunun zaƙi da aka dama tun shekaranjiya, wadda ta wuni ta kwana cikin zafin bazara, ya murɗe murfin ta yi huci, ya sha hankalinsa kwance. Da za a kai abin shan nan biyu ɗakin gwaji, ba abin mamaki ba ne a tarar ɗan sinadarin maye da ke cikin gorar ya fi na kwalbar. Kunun ba zai bugar da shi ba, don abin kaɗan ne ƙwarai. Sai dai tsantsenin nasa ya auna launi da kumfa da sunan kamfani, alhali ba ɗaya daga cikin ukun da ke sa maye.

Shi ma mashayin bai fi shi sani ba. Zai rantse maka cewa baƙar giya tana ƙara jini, ko ya ce shi giya kaɗai yake sha, ba ya taɓa mai zafi, kamar ya tsira da wani abu. Kuskuren mutanen biyu tushensa ɗaya: ba su san inda maye yake fitowa ba. Don kada magana ta cakuɗe, a nan idan na ce giya ina nufin abin shan da ake yi da hatsi, idan na ce barasa kuwa ina nufin sinadarin da ke bugarwa, wanda masana ke kira itanol.

Da yawa sun ɗauka a masana'anta akwai wata ganga ta barasa da ake ɗiba ana tsiyayawa cikin giya, kamar yadda mai shayi ke zuba madara. Ba a zuba ta. A cikin ruwan take samuwa, kuma kayan haɗin giya guda huɗu ba wanda yake da ita tun asali: ruwa, hatsin da aka tsirar, wani fure mai ɗaci da ake kira hof, da yis.

Ƙwayar hatsi, ko ta dawa ko ta sha'ir, rumbu ce ƙarama. An cika ta da sitaci don ɗan tsiron da zai fito ya samu abin ci kafin ya yi ganye. Amma tsiron ba ya iya cin sitaci a dunƙule, sai an farfasa shi ya koma sukari. Saboda haka da zarar ƙwayar ta ji ruwa ta soma tsira, sai ta saki wasu sinadarai, su enzayim, waɗanda aikinsu ke nan, daddatsa sitaci ya zama sukari. Irinsu ne a cikin yawun bakinmu, shi ya sa idan ka daɗe kana tauna burodi ko shinkafa za ka ji ɗan zaƙi ya taso. A tsaunukan Peru ma akwai masu tauna masara su tofa, su yi giyarsu ta gargajiya da ita.

Mai yin giya wayo yake yi wa ƙwayar. Ya jiƙa ta kwana ɗaya ko biyu, ya shimfiɗa ta ta yi tsiro na kwana huɗu ko biyar, da sinadaran sun farka sai ya busar da ita kafin tsiron ya cinye ajiyar. Wannan busasshen tsiro shi ne abin da ake kira malt, wanda lemon malt ya samo sunansa daga gare shi. Hatsi ne da ya fara tsira aka tsayar da shi, ba wani abu ba. Matan da ke dama kunun zaƙi sun san dabarar tun kafin wani ya rubuta ta a littafi. Tsiron shinkafa ko busasshen dankali da suke niƙawa su zuba cikin gasarar da ta ɗan huce, shi ke sa kunu mai kauri ya tsinke ya yi zaƙi ko ba a sa sukari ba. Idan gasarar tana tafasa aka zuba, kunun ba zai yi ba, domin zafi ya kashe sinadaran. A masana'anta ma haka ake lallaɓa zafin: a niƙa tsiron, a kwaɓa shi da ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 62 da 72 a ma'aunin Salshiyos, a bar shi kamar awa guda, sannan a tace. Abin da ya fito ruwa ne mai zaƙi da danƙo, babu ɗigon barasa a cikinsa. A tafasa shi da hof, a bari ya huce.

Sai yis ya shigo. Yis halitta ce mai rai, ɗan ƙaramin naman gwari da ido ba ya gani sai da madubin likita. Abincinsa sukari. Idan ya ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da abu biyu, kusan rabi da rabi a nauyi: barasa da iskar gas. Gas ɗin shi ne kumfa, barasar ita ce maye. Duk sirrin ke nan.

Yis ɗin da ake zuba wa ƙullun waina da fanke da burodi jinsinsa ɗaya da wanda ake yin giyar gargajiyar Ingila da shi. Aikin da yake yi a tukunyar giya shi yake yi a kwanon kwaɓi: gas ɗin ya kumbura ƙullun, barasar kuma mafi yawanta ta tashi a zafin tanda. Wannan ɗan ƙamshi mai kaifi da ke bugun hanci idan aka buɗe ƙullun wainar da ya kwana, ita ce. Masu tuya ba su taɓa ɗaukar abin da wata damuwa ba, kuma ba a taɓa jin wanda waina ta bugar ba.

Abin mamaki, mutane sun shafe dubban shekaru suna kiwon wannan halitta ba su san da ita ba. A shekarar 1516 sarkin Bavariya, a ƙasar Jamus ta yau, ya kafa dokar da har yanzu Jamusawa ke alfahari da ita, wadda ta ce ba za a sa komai a giya ba sai sha'ir da hof da ruwa. Ba a ambaci yis ba, alhali in babu shi giyar ba za ta wuce ruwan zaƙi ba. Ana kiranta dokar tsarkin giya, amma yawancin abin da ke cikinta ƙayyade farashi ne, kuma ɗaya daga cikin manufofinta shi ne a bar wa masu gashin burodi alkama kada masu giya su tsadantar da ita. Sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar cewa halitta mai rai ce ke wannan aiki, har ya wallafa littafi kan giya a 1876. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Kofanhegan, ya ware ƙwayar yis guda ɗaya ya hayayyafa ta ita kaɗai. Tun daga nan giyar kwalba ta zama abin da ɗanɗanonsa ba ya sauyawa daga wannan dahuwa zuwa waccan. Mai dafa burkutu kuwa hanyar kakanni take bi har yau: ta ajiye ɗan ragowar dahuwar baya, ko ta yi amfani da tsohuwar tukunyar da ba a kankare ta sosai, ta ce ita ce mai sa giya ta tashi. Gaskiyarta, yis ɗinta a nan yake zaune.

Ambaton burkutu ya kawo mu ga zato na biyu, cewa giya kayan Turawa ce kuma sai da sha'ir ake yin ta. Kafin a ga kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, an daɗe ana dafa dawa da gero ana shan ruwansu a duk faɗin wannan yanki. Maguzawa suna da giyarsu ta bukukuwa da ta gayya. Akwai burkutu da fito a tsakiyar Najeriya da arewacin Ghana, dolo a Burkina Faso da Mali, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi, marisa a Sudan. Ko a zamanin Annabi (S.A.W.) mutanen Yaman suna da wani abin sha na hatsi da ake kira mizr, wanda ake yi da dawa ko sha'ir, kuma da aka yi tambaya a kansa amsar ba ta tsaya kan irin hatsin ba, ta rataya hukuncin ga bugarwa. Sayyidina Umar ma ya lissafa alkama da sha'ir da zuma cikin abubuwan da ake yin giya da su, tare da inabi da dabino. Duk abin da ke da sukari, ko sitacin da za a iya mayarwa sukari, yis zai ci.

Dalilin da ya sa sha'ir ya yi fice shi ne sauƙin aiki. Tsironsa yana da wadatar waɗannan sinadarai, sitacinsa yana narkewa a zafin da bai kai ya kashe su ba, kuma ƙaiƙayinsa yana manne da ƙwayar, sai ya zama matacin kansa idan aka zo tacewa. Dawa ta fi taurin kai. Sitacinta ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 70, a lokacin kuwa yawancin sinadaran sun mutu, ga shi ba ta da ƙaiƙayin tacewa. Masu burkutu sun warware matsalar da basira: bayan an kwaɓa garin tsiron da ruwa sai a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, domin sinadaran suna cikinsa, a dafa gurbin ƙasa shi kaɗai har sitacin ya nuna, sannan a mayar masa da ruwan. Wanda ya karanci kimiyyar abinci a jami'a zai gane abin da ake yi nan take, ko da yake masu yin ba su taɓa jin kalmar enzayim ba.

Manyan kamfanonin Najeriya sai da aka tilasta musu suka koyi wannan darasi. A farkon 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir don tsimin kuɗin waje. Sha'ir ba ya yin kirki a yawancin ƙasar, saboda haka dole aka koma ga dawa da masara, aka sauya injuna, aka riƙa sayen sinadaran narkar da sitaci daga waje ana ƙarawa. Wani irin kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, SK5912, ya shiga cikin waɗanda aka fi nema don yin tsiro. Daga baya an ɗage haramcin, amma dawar ba ta fita ba. Har yau wani kaso na farfara da kaurar da ake nomawa a Kano da Katsina da Kaduna, wadda ake lodi a Dawanau, a tankunan masana'antu take ƙarewa, wata ta zama giya, wata lemon malt, wata garin abin sha na yara. Manomin da ya sayar da buhunsa ba lallai ya san wace hanya ta bi ba.

Akwai wani abu game da tsiron dawa da makiyaya suka riga masana sani. Dawa idan tana ƙarama, ko gyauron da ya sake tohowa bayan girbi, tana ɗauke da wani dafi dangin sayanayid wanda yakan kashe dabba idan ta ci da yawa. Dafin yana cikin ɗan saiwa da ɗan kan da tsiron ya fitar. Murje su bayan shanya, da doguwar tafasa, su ke kawar da shi. Ɗanyen tsiron dawa ba abin da za a niƙa a ba yaro ba ne haka kawai.

Sai batun launi, inda mashaya da masu ƙyama suka haɗu a kan kuskure ɗaya. Kowa ya ɗauka baƙar giya ta fi ƙarfi. Launin giya daga gashi yake zuwa. Ana ɗibar wani ɗan kaso na hatsin, kamar ɗaya cikin goma, a gasa shi a zafin da ya wuce digiri 200 har ya yi baƙi kamar 'ya'yan gahawa, a haɗa da sauran. Shi ke ba da duhun da ɗanɗanon ƙauri, kamar yadda ƙanzo ya bambanta da tuwon da aka kwashe a samansa, alhali gari ɗaya ne. Hatsin da aka ƙona ma ba ya ba yis abinci sosai. Ƙarfi kuwa ya dogara ga yawan sukarin da aka tara a ruwan tun farko da yawan wanda yis ya cinye. Guinness ɗin da ake tsiyayawa daga famfo a mashayun Dublin baƙa ce wuluk, barasarta kashi 4.2 cikin ɗari, ba ta kai ta yawancin fararen giyoyin kwalba na Najeriya ba, waɗanda ke wajen kashi 5. Duvel ta Beljiyam fara ce kamar ruwan zuma, tana da kashi 8.5.

Ina ganin abin da ya dasa wannan zato a Najeriya yana da dalili. Baƙar giyar da aka fi sani a nan, wadda kamfanin Guinness ke yi a Ikeja tun farkon shekarun 1960, tana da kashi 7.5, wato da gaske ta fi sauran ƙarfi. An gaje ta ne daga irin wadda ake dafawa da ƙarfi da ɗaci don ta jure doguwar tafiyar jirgin ruwa zuwa ƙasashe masu zafi. Mutane suka ga baƙi, suka ji ƙarfi, suka ɗaura auren abu biyun da ba dangin juna ba.

Sai kuma babbar tatsuniya: wai baƙar giya tana ƙara jini. Za ka ji ana ba mai jego shawara, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi, wasu har da fasa ƙwai da zuba madara. Ba a Najeriya aka fara ba. Tun 1929 kamfanin ya yi ta talla a Ingila cewa giyarsa tana gyara jiki, kuma an yi zamanin da asibitocin Ingila da Ayalan ke ba da ita ga marasa lafiya da masu ba da gudummawar jini. Kamfanin ya daɗe da daina wannan iƙirari. Sinadarin ayon, wanda jiki ke gina jini da shi, bai wuce miligiram 0.3 ba a kofin da ya ɗan haura rabin lita. Mace baliga tana buƙatar kamar miligiram 18 a rana. Sai ta sha kofi sittin ke nan. Hanta 'yar kaɗan, ko kwanon wake da alayyafo, sun yi mata abin da kiret guda ba zai yi ba. Yawan shan barasa ma jawo ƙarancin jini yake yi, domin yana hana hanji tsotsar wasu bitamin, yana kuma gurje tumbi har ya riƙa tsiyayar da jini. Mai shayarwa kuwa, barasar da ta sha tana ratsawa cikin nono, tana rage saukarsa, jaririn ya sha ƙasa da yadda ya saba.

Lemon malt da madarar gwangwani, wanda shi ne namu nau'in wannan magani a gidajen da ba a shan giya, bai da wannan illa, amma shi ma ba jini yake ƙarawa ba. Ƙarfin da majinyaci ke ji bayan ya sha, na sukari ne. Mai ciwon sukari ya kamata ya san haka kafin 'yan dubiya su jibge masa katan a gefen gado.

Ɗacin giya ma ana jingina shi ga barasa, alhali na hof ne. Hof tsiro ne mai hawa kamar wake, yana iya kai tsawon mita shida ko fiye a kan igiya, kuma furen macen ake tsinka. Yana son dogon yinin bazarar ƙasashen sanyi, shi ya sa ake noma shi a Hallertau ta Jamus da kwarin Yakima na Amurka da Zatec ta ƙasar Cek, ba a Afirka ta Yamma ba. An fara sa shi ne domin yana hana ƙwayoyin cutar da ke tsamar da giya yaɗuwa. Ɗacinsa kuma yana karya zaƙin tsiro, kamar yadda ɗan ɗacin shuwaka ke daidaita miya. Burkutu ba ta da hof, saboda haka tsami take yi maimakon ɗaci, irin tsamin kamu da nono, kuma ba ta kwana biyu ba ta lalace ba. Habashawa suna da nasu ganyen mai ɗaci, gesho, da suke sa wa giyarsu ta gida. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada shuwaka da namijin goro a madadin hof.

Gaskiya ne hof dangi ɗaya yake da tabar wiwi a rabe-raben tsirrai, kuma wannan ya sa wasu ke cewa ana sa wiwi a giya. Dangantakar ba ta wuce ta tumatir da zaƙami ba, su ma gida ɗaya suka fito. Hof ba shi da sinadarin da ke sa wiwi ta bugar. Abin da yake da shi shi ne rashin jituwa da hasken rana: idan haske ya ratsa kwalba ya taɓa sinadaran ɗacinsa, cikin ɗan lokaci sai giyar ta ɗauki wari irin na tunku. Dalilin da ya sa yawancin kwalaben giya ruwan ƙasa ne ke nan. Koriyar kwalba kariyarta kaɗan ce, ado ne da talla suka riƙe ta.

Ruwa shi ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalbar, kuma shi ne aka fi mantawa. Duk wadda ta taɓa dafa wake da ruwan zartsi ta san ruwa ba ɗaya ba ne. Garin Pilsen na ƙasar Cek gishirin da ke cikin ruwansa kaɗan ne ƙwarai, shi ya ba da damar yin farar giya garai-garai a 1842, wadda yawancin giyar kwalba ta duniya ke kwaikwayo a yau. Burton ta Ingila ruwanta mai ma'adinai ne, ya dace da giya mai ɗaci. Yanzu masana'antu suna tace ruwa su ƙara masa abin da suke so, saboda haka maganar wai giyar wani gari ta fi don rijiyarsu ta zama tarihi.

Yawan ruwan nan shi ke ruɗar mai cewa giya kaɗai yake sha. A yi lissafi. Babbar kwalba santilita 60 ce. Idan barasarta kashi 5 ce, akwai mililita 30 na tsantsar barasa a ciki. Jin ko wuski mai kashi 40 sai an sha mililita 75 kafin a kai haka, wato ƙananan kofuna uku. Wanda ya zauna ya shanye kwalba huɗu ya sha daidai da kofi goma sha biyu na mai zafin da yake gudu. In baƙar nan ce mai kashi 7.5, kowace kwalba mililita 45 ce. Sinadarin ɗaya ne, hanta kuma ba ta tambayar daga wace kwalba ya fito. Tana narkar da shi a hankali, kwalba guda takan ɗauke ta awa biyu zuwa uku, kuma ba gahawa ko wanka da ruwan sanyi ko farfesu mai yaji da zai sa ta yi sauri. Yawan fitsarin da ake cewa wankin ƙoda ne, barasa ce ta danne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Tun 1988 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa abin sha mai barasa a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, ba ta ware giya ba.

Yis yana da iyaka. Idan barasa ta kai wajen kashi 14 ko 15 sai ta fara kashe shi, kamar mai hura wuta a ɗakin da ba taga. Duk abin shan da ya wuce haka nesa, turara shi aka yi. Barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, saboda haka idan aka ɗora bammi a wuta tururin da ya fara tashi barasa ta fi yawa a cikinsa. A bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, an samu ogogoro. Haɗarin da ya fi muni a nan shi ne mitanol, ɗan'uwan itanol da ake amfani da shi a masana'antu, wanda marasa imani ke haɗawa don riba. Cokali biyu na shayi yana iya makantar da mutum. A watan Afrilun 2015 mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, aka yi ta cewa fushin abin bauta ne kafin gwaji ya nuna mitanol. Bayan wata biyu gommai suka sake mutuwa a jihar Ribas ta wannan hanya.

Mu koma ga kwalbar da dattijo ya ture. Maltina, wadda ta fito kasuwa a 1976, da sauran irinta, tafiyarsu ɗaya da giya har zuwa wajen ruwan zaƙin nan. A nan hanya ta rabu. Ba a sa musu yis. Ana ƙara sukari da ƙonannen sukari don launi, a cusa gas daga tanki kamar yadda ake yi wa kowane lemo, a rufe, a gasa kwalbar da ruwan zafi don a kashe duk wata halitta da ta saci hanya ta shiga. Kamfanin giya ne ke yin su saboda shi ke da injunan tsirar da hatsi da dafa shi.

Giyar da ake rubuta wa sifili da ɗigo da sifili labarinta daban. Yawanci giya ce da aka gama, sannan aka zare barasar ta hanyar dumama ta a tankin da aka zuƙe wa iska ko ta matsa ta cikin mataci mai tsananin laushi. Wata kuma ana tsayar da yis ɗin tun bai yi nisa ba. A ƙasashe da yawa doka ta yarda a rubuta babu barasa muddin ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, saboda haka wannan rubutu da sifili zalla ba abu ɗaya ba ne. Malamai sun yi saɓani a kanta. Wasu suna duba ko tana bugarwa, wasu suna duba asalinta, majalisar malaman Indonesiya kuwa ba ta ba da shaidar halal ga abin da ke ɗauke da suna da ɗanɗanon giya ko da barasarsa sifili ce. Hukuncin nasu ne. Abin da ya rage wa mai tambaya shi ne ya kai musu bayanin da yake daidai, kada ya haɗa lemon malt da wannan a kwando ɗaya.

Gorar kunun kuwa ba wanda ya gasa ta bayan an rufe. Yis yana ko'ina, a jikin hatsi, a bawon dabino, a iska, a tsagar ludayi. Kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo mai sukari, ruwan rake, duk abinci ne a gare shi, zafin ƙasarmu kuma shi ne yanayin da ya fi so. Magabata sun lura da wannan. An ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (S.A.W.) zabibi ko dabino a ruwa, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ba ya barin sa ya wuce haka. Malaman fiƙihu kuma sun ambaci kumfa da tafasar da abin sha ke yi shi kaɗai ba wuta a matsayin alamar ya fara juyawa. A kunu, ƙwayoyin da ke kawo tsami sukan riga yis cinye yawancin sukarin, shi ya sa ya fi saurin tsami da lalacewa a kan bugarwa. Kunun aya da aka haɗa da dabino da kwakwa ya fi kowa gaggawa: idan wutar lantarki ta ɗauke da rana, kafin magariba gorar ta kumbura ta yi tauri kamar ganga, wani lokaci murfin ya yi tsalle da kansa a cikin firji.